Yadda Na Sa Baƙuwa Ta Kira Sunan Ɗan Fari A Zaman Makoki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A shekarun da wannan abu ya faru, ni matar aure ce mai 'ya'ya, ina zaune a Makka, a unguwar Hindawiyya, cikin wani tsohon bene mai ƙuntatacciyar matakala wanda kusan duk mazaunansa mutanenmu ne. Maigidana yana aikin gini a ƙarƙashin kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa, ni kuma ina gida. Ban yi boko ba. Mahaifina malami ne a wani ƙauye na ƙasar Katsina, shi ya zaunar da ni a gabansa na yi allo, ya kuma koya mini ajami har hannuna ya faɗa. Wannan labarin ma da ajami na rubuta shi, 'yata ce ta juye shi zuwa boko domin ya iso gare ku. Na faɗi haka ne don a san irin matar da nake a lokacin: mai ganin ta san addini, ta san al'ada, wadda mata ke matsa wa wuri idan ta shigo ɗaki. Da wani ya ce mini akwai hassada a zuciyata, da na rantse masa babu.

A bayan layinmu akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Ta daɗe a Makka, ta yi karatu mai zurfi, sai dai yanar ido ta rufe mata gani, haske kawai take gani da inuwar mutum. Kowace Alhamis bayan la'asar mata kan taru a ɗakinta, tana koya mana tsarki da salla da zaman duniya, ni kuma ina karanta musu waƙoƙin wa'azi daga takardunta na ajami, tunda ni kaɗai ce mai iya karantawa. Ranar Juma'a ni nake kai ta Harami. Takan riƙe tsintsiyar hannuna da yatsunta masu sanyi, mu ratsa taron jama'a a hankali, tana jin inda zan karkata tun kafin in karkata. Mahaifiyata ta rasu ina nan, ban samu zuwa ko gaisuwa ba, don haka Inna ce ta zame mini uwa. Mata ma sun riga sun yanke cewa ranar da babu Inna ni zan gaji wannan zama na Alhamis. Ban taɓa faɗi da bakina ba, amma na riƙe maganar a raina kamar an rubuta mini ita.

Inna tana da ɗa guda a garin, ɗan farinta, mai tuƙa taksi. Mutum ne da furfura ta fara cin gemunsa, shi ya kawo ta Makka, shi yake ɗauke da ita. Kowace safiya sai ya hau da burodin tamis mai zafi da waken ful, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ita kuwa ta kau da fuska ta amsa a gajarce. Kamar yadda aka sani a wajenmu, uwa irin ta da ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna masa so a gaban mutane. Inna ta riƙe wannan kunya da ƙarfi fiye da kowace mace da na sani. Direba take ce masa, ko mutumin nan. Idan tana son sanin ko ya ci abinci, ni take tambaya, yana zaune yana ji, wai ko mutumin nan ya sa wani abu a cikinsa ko yawo kawai yake a rana. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya amsa mini, ni in maimaita mata.

A haka muke har wata yarinya ta zo. A Amurka aka haife ta, a can ta girma. Ubanta Bahaushe ne ɗan garin marigayi mijin Inna, uwarta kuwa baƙar fata ce Musulma 'yar can. Ta zo tare da yayanta suna karatun Larabci, suna zaune a unguwar Zahir, kuma ubansu ne ya ce ta nemi Inna don ta san mutanenta. Tun kafin ta tako ɗakin mata sun gama yanke mata hukunci. An ce kuɗi ne da ita kamar ƙasa, an ce ba ta san tsarki ba, an ce can ba a san kunya ba. Ranar da ta fara zuwa, wata mai sayar da fura a cikinmu, mai bakin tsiya, ta tambaye ta ko ta bar bindigarta a gida ne ko tana cikin jaka. Wata ta ce ko gaskiya ne a ƙasarsu yaro yana kira wa ubansa 'yan sanda idan ya tsawata masa. Da aka kawo tuwo, ita kaɗai aka ajiye wa cokali. Wata kuma ta ce, kamar da wasa, wai Baturiya ta ɗan ja mana Fatiha mu ji. Ta ja ta kuwa, da murya mai taushi, ba gyara ko ɗaya, sannan ta ture cokalin ta wanke hannu. Da Hausarta mai karyewa, wadda take ce wa mace kai, ta gaya musu ubanta ma taksi yake tuƙawa, kuma bindigar da ta taɓa gani a gidansu ita ce ta ruwa ta ƙanenta. Aka yi dariya, amma sunan Baturiya ya bi ta.

Da farko tausayinta nake ji. A waje Larabawa suna ganinta baƙa cikin abaya sai su ɗauke ta 'yar aiki, su kira ta takaruniya, wato baƙa 'yar Afirka, kamar yadda suke kiranmu. A cikin gida kuma namu suna ce mata Baturiya. Ni ta zaɓa ta riƙa tambaya. Yaya take ce mini. Babu abin da take yi a gidan Inna sai ta ja ni gefe ta tambaya: yadda ake durƙusawa, abin da ake amsawa idan an ce ina gajiya, ko ya dace ta zauna a kan gado idan babba yana ƙasa, ko ana miƙa wa namiji hannu. Ina jin daɗin wannan matsayi. Abin da ya fara sosa mini rai ƙarami ne. Mun shiga wani kanti tare, mai kantin ya bar mu a tsaye yana sallamar waɗanda suka zo bayanmu, kamar yadda na saba. Sai wayarta ta yi ƙara, ta amsa da Turanci. Nan take mutumin ya canja fuska, ya tambaye ta ƙasarta, ya jawo kujera ya ajiye mata. Ita ta tura mini kujerar, ta ce yayarta ce za ta zauna. Na zauna, amma kujerar tana ƙona ni. Shekara da shekaru ina shiga kantin nan ba a taɓa duban fuskata ba.

Sai kuma Inna ta kamu da sonta. Ban taɓa jin tsohuwar nan tana dariya har da tari ba sai da yarinyar ta zo. Takan ce mata ƙawata, ta tsokane ta wai ta zo daga ƙasar masu kuɗi hannu rabbana ko turare babu, yarinyar kuma ta rama, ta ce ai tsohuwar da ba ta gani ba ta san ko an kawo ko ba a kawo ba. Ni da na yi shekaru a gabanta ban taɓa iya yi mata irin wannan wasa ba, tunda ni 'ya ce, ita kuwa ta shigo a matsayin jika. Ita ke yanke mata farce, ita ke ɗiga mata maganin ido. Ta ce tana son ajami, Inna ta ce in koya mata, kuma abin da ya ci mini shekaru a gaban mahaifina sai ga shi tana haɗa baƙaƙe cikin ɗan lokaci, saboda ta riga ta san na Larabci. Wata Alhamis mura ta shaƙe mini murya, Inna ta ce ƙawarta ta karanta. Ta yi ta tuntuɓe, mata suna ƙunshe dariya, amma da ta gama Inna ta ce ta daɗe ba ta ji waƙar ta shige ta haka ba. Wata Juma'a kuma na yi wanka na shirya na zo ɗaukar Inna, na tarar da ƙofa a rufe. Maƙwabciya ta ce ai Direba ya kwashe su da wuri, ita da Baturiyarta. Na zauna a kan matakala da mayafina a hannu, ina tunanin yatsun nan masu sanyi a kan tsintsiyar hannun wata.

Daga ranar na koma cikin masu maganar da a da nake hanawa. Ban taɓa ƙirƙirar ƙarya ba, ina dai ɗaukar abin da kowa ya riga ya yarda da shi in ƙara masa gishiri. Idan ta ɗauki karatun Inna a waya don ta maimaita a gida, sai in ce ni dai ban san inda ake tura muryoyinmu ba. Idan ta dubi Direba a ido tana gaishe shi, sai in yi ajiyar zuciya in ce tarbiyyar can ce. Mata suna karɓa da hannu biyu. Inna kaɗai ce ba ta karɓa. Idan na fara sai ta tambaye ni ko an kira salla.

Ana cikin haka Direba ya rasu. Ya fita aiki lafiya, ya ji ƙirjinsa ya riƙe, ya faka motar a gefen hanya, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Aka yi masa salla a Harami aka kai shi. Inna ta zauna jingine da bango, carbi a hannu, ko ɗigon hawaye babu. Duk wanda ya ce mata ya haƙuri sai ta ce haƙuri ya zama dole, mai abu ne ya karɓi abinsa, ta ci gaba da jan carbi. Mata suna ta yaba dauriyarta, ana cewa irin matan da ke nan, waɗanda ba a sake haifar irinsu.

Yarinyar ba ta samu zuwa a ranar ba saboda jarrabawa. Washegari da hantsi ta biyo ta gidana, idanunta a kumbure, ina tsugune ina wanke ƙananan kofunan gahawa da za a kai gidan makokin. Ta ce ba ta taɓa zuwa gaisuwar mutuwa ta Hausawa ba, tana tsoron ta yi kuskure, in gaya mata abin da ake yi. Sannan ta tambaye ni abin da ta ce ya daɗe yana damunta: me ya sa Inna ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba, ko akwai wani saɓani a tsakaninsu da ya mutu ba su shirya ba? Ta ba ni labarin rasuwar kakarta ta wajen uwa, yadda dangi suka zauna kowa yana kiran sunan mamaciyar yana faɗin wani abin kirki da ya tuna, ana kuka ana dariya, ta ce hakan ne ya sanyaya wa uwarta zuciya. Ta buɗe jaka ta nuna mini hoton da ta wanke ta sa a gilashi: Direba yana riƙe da ƙofar taksi, Inna tana shiga, ya sa tafin hannunsa a saman kanta don kada ta bugu.

Amsar da ta dace ba ta fi numfashi ɗaya ba. In ce mata kunyar ɗan fari ce, ba faɗa ba ne. Ta shiga ta durƙusa daga nesa, ta ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, ta nemi gefe ta zauna, ta bar hoton a jaka. Na sani sarai. Ina kallon ruwan kumfa a hannuna na ji bakina yana faɗin wani abu dabam. Na ce mata baƙin ciki iri ɗaya ne a ko'ina. Na ce duk matan nan tsoron Inna suke ji, babu mai iya matsawa kusa da ita, ita kaɗai ce Inna ta sake da ita haka. Na ce ta yi yadda zuciyarta ta ba ta, yadda ake yi a gidansu. Ta sake tambaya, har da sunan ma? Na ce har da sunan. Ta rungume ni ta ce Allah ya bar mata yayarta.

Ɗakin a cike yake lokacin da ta shigo. Ni ina can ƙurya ina zuba gahawa ana miƙawa da dabino. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ta ratsa ƙafafun mata har gaban Inna, ta durƙusa, ta rungume ta, ta ɗora mata hoton a cinya, ta kama hannunta ta aza a kai. Sai ta kira sunan. Ni ma ba zan rubuta shi a nan ba. Ta kira shi a fili, ta haɗa shi da ɗanki, ta ce yana sonta ƙwarai. Ta ce ya taɓa gaya mata a mota cewa akwai masu tamis a bakin layi, amma shi yakan tafi har unguwar Rusaifa kowace safiya saboda na can ne mai laushin da haƙoran Inna ke iya ci, kuma ya roƙe ta kada ta faɗa. Sannan ta ce Inna ta ba su labarinsa yana jariri.

Carbin ya zame daga hannun Inna. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai wani irin kuka ya fito wanda ban taɓa jin irinsa daga babban mutum ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, matar da ta kwana ta yini ana yabon dauriyarta. Nan fa aka ɗauki salati. Mai fura ta ce ai dama ta faɗa, wanda aka haifa a cikin marasa kunya ko an wanke shi da zamzam sai ya nuna hali. Wata ta fizgi abayar yarinyar ta baya tana tambaya ko nan ta ɗauka gidan kallo ne da za ta zo da hoto. Wata ta ce uban ya tafi neman duniya ya manta ya koya wa 'ya'yansa gaisuwa. Yarinyar ta miƙe tana waige-waige, ba ta gane abin da ta yi ba, har idanunta suka same ni. Kallo ɗaya ta yi mini. Na sunkuyar da kai a kan kofuna, na kuma buɗe baki na ce a ƙyale ta, ba laifinta ba ne, haka suke a can. Ta fita da takalmanta a hannu.

Ba ta sake zuwa ba. Na samu abin da nake so. Alhamis ta dawo hannuna, Juma'a ta dawo hannuna, mata suna cewa gara da Allah ya nuna mana halinta da wuri, ina gyaɗa kai. Amma Juma'ar farko da na zo ɗaukar Inna bayan makokin, na miƙa mata hannu kamar kullum, sai ta lalubo gefen mayafina ta riƙe. Na ɗauka mantuwa ce, na sake kai hannuna kusa da nata. Ta bar shi a nan. Haka muka ratsa taro, tana biye da ni da ƙyalle a tsakaninmu.

Bayan an idar da salla muna zaune muna jiran jama'a su ragu, na ɗebo mata zamzam ta sha, sai ta fara magana ba tare da ta juyo ba. Ta ce yarinyar nan, tun ranar da ta fara shigowa gidanta, ko tabarma ba ta taɓa takawa ba sai ta tambaya. Ta ce makaho yana jin raɗa fiye da mai ido, kuma ta san muryar da ke amsa mata. Ba ta ce in amsa laifi ba, ni ma ban amsa ba. Sannan ta ce abin da har yau yake yi mini yawo a kai. Ta ce tun ranar suna take ɗauke da sunan nan a bakinta ba ta taɓa sauke shi ba, tana jin kowa yana kiransa, masu gyaran mota ma suna kiransa, ita da ta haife shi ban da ita. Ta ce ta ji kunyar kukan da ta yi, ba za ta ɓoye ba, amma tun daga ranar, idan ta kai goshinta ƙasa, da sunansa take roƙa masa gafara, ba mutumin nan ba. Ta ce ba ta san yana zuwa Rusaifa ba. Sannan ta ce in je in kawo mata ƙawarta.

Ya kamata a ce kunya ce ta rufe ni a wurin, ga Ka'aba a gabana. Amma na yi alkawarin faɗin gaskiya a wannan takarda: abin da ya fara taso mini kishi ne, ya fi na da zafi. Na ce a raina, wato ko kuskurenta ma kyauta ya zama. Ni na yi shekaru ina kiyaye kowace ƙa'ida a gaban matar nan, ban taɓa ba ta abin da ya kai wannan ba, ita kuwa da rashin sani ta ba ta. Na ce wa Inna to, zan je. Ban je ba. Juma'a ta zagayo ta tambaya, na ce suna jarrabawa. Ta sake tambaya, na ce wayarta ba ta shiga. Wata rana na ce yayanta ne ya hana ta fita. Daga Hindawiyya zuwa Zahir ba wata tafiya ba ce, mota ɗaya ce. Kullum ina cewa sai zuciyata ta ɗan huce, sai Inna ta koma riƙe hannuna tukuna. Daga baya ta daina tambaya, na kuwa ji sauƙi, Allah ya yafe mini.

Bayan aikin Hajji, cikin tsananin zafin nan, Inna ta kwanta. Ciwon bai ja ba. Da muke kintsa ɗakin bayan an fita da ita, na ɗaga matashinta na tarar da hoton a naɗe cikin ɗankwali, gilashin duk ya dusashe da shatin yatsu. Matar da ba ta gani, shafa shi take yi.

Yayan yarinyar ya ji rasuwar a masallaci, sai ga ta ta zo. Wannan karon ni ce a jingine da bango, ni ake yi wa gaisuwa a matsayin 'yar Inna. Ta cire takalmi, ta durƙusa tun daga bakin ƙofa, idonta a ƙasa. Ta ce mini ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, da Hausa tsaf babu karyewa. Ta koma gefe ta zauna, ta karɓi gahawa da hannun dama, ta yi shiru gwargwadon yadda ya kamata, ta yi sallama ta tashi. Babu abin da wani zai gyara mata. Mai fura har ta taɓo ni ta ce ashe Baturiya ta yi hankali, ta zama mutum. Ni kuwa a lokacin babu abin da nake so a duniya kamar wani ya ratsa ƙafafun matan nan ya rungume ni, ya ce in ba shi labarin Inna. Mutum ɗaya ce a garin nan da za ta iya yin haka, kuma ni na koya mata kada ta ƙara.

Na bi ta a matakala na tsayar da ita. Na gaya mata komai, tun daga kujerar kanti har zuwa saƙon da na danne. Ta saurare ni har na gama. Abin da ta fara tambaya shi ne ko Inna ta rasu tana fushi da ita. Na ce a'a, nemanta take yi. Ta ce tun yaushe? Na faɗa mata. Ta dafa bango. Sannan ta ce a ƙasar da aka haife ta ana kallon ɗankwalinta a ce ta koma inda ta fito, a nan ana kallon fatarta a miƙa mata kaya ta ɗauka, duk ta iya jurewa, saboda ubanta ya ce mata akwai ɗaki guda a Makka da za ta shiga a ce tamu ce. Ta ce maganganun su mai fura ba su taɓa yi mata ciwo ba, don ba su san ta ba. Ni na san ta. Na roƙe ta gafara. Ta ce tana roƙon Allah ya ba ta ikon yafewa, amma ba za ta ce ta yafe yau ba, don ba ta son ta yi ƙarya a garin Makka. Na miƙa mata hoton, ta ce in bai wa 'ya'yan Direba. Ta ce sai wata rana, Yaya, ta sauka. Na ji ta ƙarasa karatunta ta koma. Ban sake ganinta ba.

Yanzu ni ke zaune a wurin Inna ranar Alhamis. Na gaji takardun, na gaji matan, abin da na yi ta tsoron a ƙwace mini babu wanda ya taɓa nufin ƙwacewa. Yarinyar karatu ya kawo ta, da ma mai tafiya ce. Da na yi haƙuri da na samu ƙanwa, Inna kuma ta cika da mutum biyu a gefenta. Na daɗe ina tunanin yadda abin ya yi mini sauƙi, na gane cewa ban sha wahalar ƙulla komai ba saboda mata sun riga sun tanadi hukuncinsu, jira kawai suke ta yi abin da zai gaskata su. Ni na miƙa musu. Kuma ko yanzu, idan na tuna yadda Inna take dariya da ita, ina jin ɗan tsinken nan yana motsi a ƙirjina, sai in yi istigfari.

Ina kira ga 'yan'uwana, musamman mu da ke zaune a ƙasar mutane, mu da muka san zafin a yanke maka hukunci tun daga ƙofa: 'ya'yanmu da aka haifa a wasu ƙasashe za su riƙa zuwa suna neman mu, da karyayyar Hausa da tambayoyi masu ban dariya. Idan ɗayansu ya ja ki gefe ya tambaye ki yadda ake yi, amana ya ba ki, ki faɗa masa gaskiya ko da zuciyarki tana tafasa. Idan kuma tsoho ya aike ki, ki je a ranar. Kada ki yarda da kanki don kin yi karatu. Ni da alwala na yi abin da na yi. Har yau idan na shiga taron Juma'a nakan ji na rage tafiya, na ɗan miƙa hannuna gefe, sai in tuna cewa tun Inna tana raye ta sake shi. Wanda ya karanta wannan ya sa Inna da ɗanta a addu'a, ya kuma roƙa mini Allah ya sa wata rana, a inda take, yarinyar nan ta iya faɗin kalmar da ta ƙi yi mini ƙarya a kanta.